Babbar mota mai ɗaki, ƙarama, ko motar haya da otal: wanne ya dace da tsaunukan yammacin Amurka?

Da zarar an ba yara dogon hutu a Amurka, daga Yuni zuwa Agusta, magidanta 'yan uwanmu da ke zaune can sukan fara shawarar inda za su kai iyali. Wanda ya gaji da zagayen gidajen dangi yakan ɗaga ido ya dubi yamma, inda manyan gandayen daji na ƙasa suke, irin su Yellowstone da Glacier da Zion da Yosemite. Daga nan sai maganar motar nan mai ɗaki ta taso, wadda Amurkawa ke kira RV, mai gado da murhu da firji da banɗaki duk a cikinta. Mutum ya buɗe hotuna a intanet, ya ga kujeru masu laushi da tebur na cin abinci, uwargida ta ga madafa, sai a fara lissafin gadaje. Ni kuwa duk wanda ya nemi shawarata, abin da nake fara tambayarsa shi ne: ta wace hanya za ku bi? Domin a kan tsauni hanya ce ke zaɓar mota, kuma tsawon motar da faɗinta sun fi komai da ke cikinta muhimmanci.

Zaɓin uku ne. Na farko ita ce wadda suke kira aji C, mai kan babbar mota ƙirar Ford a gaba, da ɗaki a baya, da wani gado da ya leƙo saman direba. Irinta ce ta fi yawa a kamfanonin haya. Tsawonta yakan kama daga ƙafa 22 zuwa 30 da 'yan kai, tana kwantar da mutum biyar zuwa bakwai. Don a gane girmanta, bas ɗin Kosta da muka sani ba ta cika ƙafa 23 ba, wato matsakaiciyar aji C mai ƙafa 25 ta fi Kosta tsawo, ta kuma fi ta faɗi. Na biyu ita ce aji B, bas ce sosai irin Sprinter ko Transit ko ProMaster da aka gyara cikinta, ta ɗan ɗara Homa bas girma, tana kwantar da mutum biyu, da ƙyar huɗu. Na uku kuwa mota ce ta yau da kullum, a yi haya, a riƙa kwana a otal ko ɗakunan katako da ke cikin gandun ko bakin ƙofarsa. Akwai kuma aji A, mai girman doguwar bas ta safarar dare. Ita wannan na cire ta daga lissafi tun yanzu. Wanda bai taɓa tuƙa babbar mota ba, ba a kan tsaunukan Rocky zai fara koyo ba, ko da yake a yawancin jihohi lasisin tuƙi na kowa da kowa ya isa muddin nauyin motar bai kai fam 26,000 ba.

Mu fara da Glacier, a jihar Montana, dab da iyakar Kanada, domin can ne aka fi ganin bambancin a fili. Abin da ke kai mutane wannan gandu shi ne hanyar da ake kira Going-to-the-Sun, mai tsawon kusan mil 50, wadda aka kammala a 1932. An sassaƙe ta ne a jikin dutse, bango a gefe guda, rami mai zurfi a ɗaya gefen, har ta hau Logan Pass a tsayin mita 2,026. Dokar hanyar ba ta da kwana-kwana: motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo, har da bamba, ko ƙafa 8 a faɗi, har da madubi, ba za ta bi tsakanin Avalanche da Rising Sun ba, kuma tsakanin nan ne duk abin kallon yake. Wadda ta haura ƙafa 10 a tsayi ma an gargaɗe ta, saboda duwatsun da suka rufo kan titi yamma da Logan Pass. Ka ga ke nan aji C ta faɗi tun daga ƙofa. Aji B ma ba kowacce ba. Gajeriyar Sprinter ƙafa 19 da rabi ce, ta shiga. Doguwar ta kusa ƙafa 23, ba ta shiga. Su biyun a hoto kusan kamarsu ɗaya, shi ya sa ba a yarda da hoto.

Mai babbar mota ba a kore shi daga Glacier ba. Zai iya ajiye ta a zango, a Apgar ta yamma ko St. Mary ta gabas, ya hau motocin jigila na hukumar gandun, ko jajayen bas ɗin nan na yawon buɗe ido da ake amfani da su tun shekarun 1930. In zai tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan da motarsa, sai ya zagaya ta babbar hanya mai lamba 2, ta kudancin gandun. Hanya ce mai kyau, amma ba ita ce ta sa ka baro gida ba. Sannan wanda ya dogara da motar jigila, lokacinsa ya koma hannun wani: layi da safe, layi da yamma, ga yara sun gaji, ga lokacin sallah ya shiga kana tsaye a tasha.

A Zion, can jihar Yuta, matsalar rami ce. Hanyar da ta fita gabas zuwa wajen gandun Bryce Canyon ta ratsa cikin dutse ta wani rami mai tsawon mil 1.1, da aka buɗe a 1930, lokacin da motoci ba su da ƙiba irin ta yanzu. Shekara da shekaru, motar da ta kai ƙafa 7 da inci 10 a faɗi, ko ƙafa 11 da inci 4 a tsayi, sai ta biya kuɗin izini, ma'aikata su tsayar da masu tahowa daga ɗaya ɓangaren, ita kuma ta bi tsakiyar ramin ita kaɗai. Hukumar gandun ta sanar cewa daga tsakiyar 2026 irin waɗannan motoci ba za su ƙara bin wannan hanya ba, sai dai su zagaya. Kusan duk aji C ta wuce wannan faɗi in aka haɗa da madubi. A Sequoia ta Kalifoniya ma, inda itacen nan General Sherman yake, wanda babu itace guda da ya kai shi girman jiki a duniya, an shawarci duk motar da ta wuce ƙafa 22 da kada ta hau hanyar da ta taso daga Potwisha zuwa Giant Forest, saboda kwanonin da ke naɗe kamar igiya.

Yellowstone ne ya fi yi wa babbar mota sauƙi. Shi ne gandu na farko, tun 1872, faɗinsa ya ninka Yankari kusan sau huɗu, kuma babbar hanyar da ta zagaye shi, mil 142, kowace mota tana iya binta. Abin da zai dame ka a nan wurin fakin ne. Da rana tsaka a watan Yuli, a wajen Old Faithful ko Grand Prismatic, maɓuɓɓugan ruwan zafi da kowa ke zuwa kallo, mai ƙaramar mota ma sai ya yi ta kewaye, balle mai neman gurbin ƙafa 30. Kuma idan garken ɓauna ya tare hanya, ko wani ya hango beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai haɗari, kowa ya ja birki, ƙaramar mota ce ke samun ɗan gefen da za ta raɓe.

Sai maganar gangara, wadda a wurina ta fi duk sauran nauyi, domin rai ne a ciki. Duk wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo daga Jos ya san warin birkin tirela, ya kuma ga abin da ke faruwa idan birki ya ƙwace wa direba. To tsaunukan can sun fi haka nesa ba kusa ba. Hanyar Beartooth, wadda ke shiga Yellowstone ta arewa maso gabas daga garin Red Lodge, tana hawa har mita 3,337. Trail Ridge a Kolorado ta kai mita 3,713. Dutsen Chappal Waddi, wanda babu mafi tsayinsa a Najeriya, mita 2,419 ne. Wato kana zaune a sitiyari, da iyalinka a baya, a tsayin da ya ɗara ƙololuwar Najeriya da kusan kilomita guda ko fiye.

A hawa, injin da ba shi da turbo yakan rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, saboda iska ta yi ƙaranci. Babbar mota sai ta riƙa nishi tana jan jiki. Wannan ba abin tsoro ba ne, haƙuri kawai yake so, da sanin ya kamata: in motoci sun taru a bayanka, ka shiga gurbin da aka tanada a gefe su wuce. A Kalifoniya doka ce ma, da zarar sun kai biyar. Haɗarin yana wajen sauka. Motar da ta kai tan biyar ko shida, in ka ɗora ƙafa a birki ka bar ta a kai mil bayan mil, birkin zai yi zafi har ya daina kamawa, ka taka ka ji kamar soso. Maganin shi ne abin da tsofaffin direbobinmu suka sani tun da: da giyar da ka hau, da ita za ka sauka. Ka mayar da ita giya ta biyu tun daga saman tudu, kafin ta ɗauki gudu, injin ya riƙe ta, birki kuma a taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci, a sake shi ya huce. Yawancin aji C suna da maɓallin jan kaya a jikin sandar giya, wanda ke taimaka wa injin riƙe mota a gangara, ka nemi a nuna maka shi tun a wurin haya. Ƙaramar bas ma tana bukatar wannan kula, amma tana yafe kuskure fiye da babba. Iska kuma, a kan tudu inda babu itatuwa, tana dukan gefen aji C kamar an shanya tabarma. Idan mutum ɗaya ne zai yi tuƙin gaba ɗaya, kuma bai saba ba, to ya sani kallon da ya zo yi fasinjojinsa ne za su yi masa, shi idonsa na kan farin layi.

Zuwa nan kamar na gama da babbar mota, amma akwai inda babu mai kamo ta, kuma wurin ya shafe mu fiye da yadda ya shafi sauran matafiya. Abinci ne da ruwa.

Ƙananan garuruwan da ke bakin waɗannan gandaye, irin su West Yellowstone da Gardiner da Springdale, ba wuraren da za ka dogara da samun yankan Musulmi ba ne. Mai kwana a otal zai yi kwana goma tsakanin kifi da ƙwai da dankali da burodi, da tsada kuma, yana tambayar mai kawo abinci da wane mai aka soya. Mai aji C kuwa zai tsaya a Salt Lake City ko Denver ko Las Vegas, inda ake da shagunan halal, ya cika firji da nama, uwargida ta zo da yajinta da daddawarta da kukarta, a tuƙa tuwo a gindin dutse. Ga iyali mai yara huɗu, ko wanda ya taho da mahaifiyarsa da ba ta iya cin abincin Turawa, wannan kaɗai ya isa ya rinjayi shawara, kuma ban ga laifin wanda ya zaɓi babbar mota saboda shi ba. Aji B tana da murhu da ɗan firji, sai dai na kwana biyu ko uku ne. A tuna kuma cewa a tsayin Yellowstone ruwa yakan tafasa tun wajen digiri 92, saboda haka shinkafa da wake sukan ɗauki lokaci fiye da yadda aka saba, gas kuma ya fi saurin ƙarewa.

Banɗaki ma haka. Yawancin bayan gida da ke bakin hanya a cikin gandu rami ne kawai, babu famfo. Mai ɗakinsa a bayansa yana da butarsa da ruwansa da sirrinsa, mata su yi alwala ba tare da idon kowa ba, a shimfiɗa darduma a gefen mota ko a ciki idan sanyi ya yi yawa. Alƙibla a wannan yanki arewa maso gabas take, ta fi karkata arewa, abin da yakan ba sabon zuwa mamaki. A Glacier kuma, ƙarshen Yuni, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara da rabi na dare, asuba ta yi sammako ƙwarai, don haka samun gado da ruwa kusa da juna ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma fa ruwan nan awo gare shi. Tankin aji C yakan ɗauki galan 30 zuwa 40, kuma Bature ne aka yi wa lissafinsa, ba gidan da mutum shida ke alwala da tsarki kullum ba. Cikin kwana biyu zai iya ƙarewa. Duk abin da aka zubar kuma yana taruwa a tankuna biyu a ƙasan motar, ɗaya na ruwan wanke-wanke, ɗaya na masai, kuma maigida ne zai sa safar hannu ya jona tiyo ya juye su a wurin da aka keɓe. Wanda ya san ba zai iya wannan aiki ba, gara ya faɗa wa kansa gaskiya tun kafin ya biya kuɗi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton mai mota mai ɗaki yana kwana duk inda dare ya yi masa. A cikin gandun ƙasa haramun ne kwana a mota sai a zango, kuma zangon da ake rububi ana kama gurbinsa ne tun watanni kafin lokaci, da yawa ta shafin Recreation.gov, inda aka saba buɗe rajista wata shida gaba. Yawancin waɗannan zango an shata su tun da daɗewa, gurabun gajeru ne, kuma babu wurin jona wuta ko ruwa. A duk faɗin Yellowstone, zangon Fishing Bridge ne kaɗai ke da wuta da ruwa da magudana a kowane gurbi, kuma ba a yarda da tanti a can ba saboda beyar. A sauran wurare janareta za ka dogara da shi, shi ma da sa'o'in da aka yarda a kunna. Gwargwadon gajartar motarka, gwargwadon yawan gurabun da za su karɓe ka. A wajen gandu kuwa, a dazuzzukan gwamnatin tarayya da filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnati, akwai inda ake kwana kyauta, galibi har kwana 14, amma hanyoyin burji ne, ƙaramar bas ta fi iya shiga, kuma kamfanonin haya da yawa sun hana a sauka daga kwalta. Otal ɗin cikin gandu ma ba a samunsa da sauƙi, wasu tun shekara guda gaba ake kamawa. Abu ɗaya da ya ƙara wa mota mai ɗaki maki: a Yosemite an hana barin abinci cikin ƙaramar mota da dare, sai a akwatin ƙarfe, domin beyar na ɓalle ƙofa, amma an yarda a bar shi cikin mai ɗaki idan jikinta duk mai tauri ne kuma an rufe ko'ina.

A wajen kuɗi, kada kowa ya ɗauki mota mai ɗaki da niyyar araha. Aji C takan yi mil 8 zuwa 10 da galan guda, aji B wajen 15 zuwa 20, ƙaramar mota 30 ko fiye. A tafiyar mil 2,000, wadda ba ta da wuyar cika in aka haɗa Yuta da Yellowstone da Glacier, babbar za ta sha galan 200 ko sama, bas ɗin wajen 110, ƙaramar mota ƙasa da 70. Ga kuɗin haya na kowane dare, ga kuɗin mil da kamfanoni da yawa ke caja daban, ga inshora, ga zango, ga kayan gado da tukwane da wasu ke bayarwa haya. Abin da zai ba ka mamaki, aji B sau da yawa ba ta fi aji C araha a haya ba, duk da ƙanƙantarta. Inda lissafin ke juyawa shi ne idan iyali ya kai girman da sai an kama ɗaki biyu a otal, ana sayen abinci sau uku a rana. Katin shiga dukkan gandaye na shekara dala 80 ne ga mazauna Amurka. Daga farkon 2026 an mayar da na waɗanda ba mazauna ba dala 250, abin lura ga mai baƙi daga gida.

Masu ƙananan yara su tsaya a kan wannan: kujerun bayan aji C da yawa na gefen tebur ne, wasu suna kallon gefe, kuma ba kowacce ke da wurin ɗaure kujerar jariri yadda ya kamata ba. Ka tambayi adadin bel, ba adadin gado kawai ba. Kuma ba a barin yaro ya kwanta a gadon sama mota na tafiya, komai kukansa.

To wa zai ɗauki wacce? Miji da mata, ko da yaro ɗaya, waɗanda hanyar kanta suke son gani, su nemi aji B da ba ta wuce ƙafa 21 ba. Ita ce ta haɗa madafa da 'yancin bin Going-to-the-Sun da ramin Zion, kuma ita nake zaɓa wa duk wanda adadin mutanensa ya ba shi dama. Wanda kwanakinsa ba su wuce biyar ko shida ba, ko tuƙin tsauni ke ba shi tsoro, ko yana da jarirai biyu a kujera, ya ɗauki mota ta yau da kullum, ya sayi babbar kula da ƙanƙara da ɗan murhun gas, ya nemi masauki mai madafa. Zai rasa banɗakinsa, amma zai fi kowa nisa a rana guda. Babban iyali kuwa, mutum shida ko bakwai da dattijuwa a ciki, su ɗauki aji C, mafi gajarta da za ta ɗauke su, sannan su canza fasalin tafiyar: a rage yawan gandaye, a zaɓi Yellowstone da Grand Teton da ke maƙwabtaka da shi, a kafa zango kwana uku ko huɗu a wuri guda, a fita tun da sassafe kafin wurin fakin ya cika. In lallai sai an ga Logan Pass, a yi hayar ƙaramar mota ta yini guda a Kalispell, garin da ke kusa da Glacier.

Lokaci ma yana cikin zaɓin. Going-to-the-Sun ba ta cika buɗewa gaba ɗaya ba sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, bayan an kwashe dusar ƙanƙara, kuma a Oktoba ake rufe ta. Beartooth takan buɗe a ƙarshen Mayu. Tun 2021 Glacier ke gwada tsare-tsaren rage cunkoson motoci, ƙa'idar kuma na sauyawa kusan kowace shekara, sai a duba shafin hukumar gandun kafin a tsayar da rana. Ranar karɓar mota, ka sa ma'aikacin ya rubuta maka tsawonta daga bamba zuwa bamba, da faɗinta madubi a buɗe, da tsayinta har da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, ka manna takardar kusa da sitiyari inda idonka zai riƙa kaiwa.